Ramar da Ba a Ci

A Dakoro in ka tambayi gidan Na'Allah, sai a ce maka, "Mai rowar rama?" a nuna maka da baki.

Shekara ashirin ya yi yana fasa tsofaffin batiran mota a bayan gidansa, ya narka dalmar ciki, ruwan kuwa ya tuttular a ƙasa. A kan ƙasar nan jikarsa Lailatu ta yi rarrafe. Ta kai shekara uku ba magana, ga ciwon ciki kullum. Likita ya auna jininta, ya ce dalma ce. Uwarta Kausar, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ta goya ta sai Sabon Maci wurin dangin uban. Ko sallama ba ta yi wa tsohon ba.

Wani malamin gona mai suna Samba, shi ya ce masa ya shuka rama a wurin. Saiwarta na zuƙo dalma kaɗan-kaɗan, ta tara a jikinta. Amma kada mutum ya ci, kada akuya ta taɓa. In ta girma a tuge ta duka, a binne a rami mai siminti.

To, ramar ta yi kyau kamar da gayya. A garin nan kuwa wa ya taɓa neman izini don ya tsinki ganyen kwaɗo a bayan gidan maƙwabci? Na'Allah ya yi bayani har bakinsa ya gaji. Mata suka ce, "Dahin mi? Ganye kore shar hakanga?" Sai ya koma tsawa. Damina huɗu yana kan turmi da sanda, yana korar mata da awaki. Aka daina aiko masa da tuwo, aka daina kiransa bikin suna. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, har yakan yi wa ramar hira.

A damina ta biyar Kausar ta zo da Lailatu, ta tsaya daga zaure.

"Wuni ɗaya za mu yi, Baba."

Murna ta hana shi zama. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya tafi neman fura. Yana dawowa ya hangi Lailatu ta sulale bayan gida, ta tsinki ganye biyu. Ɗaya ta nufi baki da shi, ɗayan ta miƙo masa tana murmushi.

"Ke! Yada shi!"

Tsawar da ya saba yi wa awaki ce ta fito, bai san sadda ya yi ta ba. Yarinyar ta saki ganyen, ta ruga ta ɓuya bayan uwarta. Kausar ta wanke mata hannu da sabulu, ta ce a hankali, "Na gane, Baba." Amma har motar la'asar ta tashi Lailatu ba ta yarda ta dube shi ba.

Da suka tafi ya koma ya tsince ganyen biyu. Ya daɗe riƙe da nasa kafin ya kai su rami.