Rarar Inci Biyu

Babanmu tela ne tun kafin a haife mu, kuma duk wanda ya taɓa sa ɗinkinsa ya san halinsa: ba ya yanka yadi cif-cif. Kowace riga sai ya bar mata rarar inci biyu, ya ninke ta ciki ya ɗinke, wai jiki ba ya zama wuri ɗaya. Mu 'ya'yansa mun ji jiki da wannan aƙida. Duk lokacin da na ce rigar makaranta ta matse ni, ina murnar samun sabuwa, sai ya farke gefe, ya saki rara, ya miƙo mini abata yana murmushi. Haushinsa nake ji ba kaɗan ba.

Da idonsa ya fara rauni ya bar wa wani shagon, ya dawo gida da kekensa da tef ɗin awo rataye a wuya. Tef ɗin nan sai zai yi wanka yake cire shi.

Ana haka ciwon bayan Umma ya tsananta. Likita ya hana ta sunkuyo, alhali kicin ɗinmu komai a ƙasa yake: murhu a ƙasa, tukwane a ƙasa, famfo daidai gwiwa. Yayanmu babba, wanda ba ya son doguwar magana, ya yanke hukunci: a ɗauko mai girki, Umma ta huta. Umma ba ta yi musu ba, amma ta daina taɓa abinci sai da lallashi. Matar da ko biki ta je sai ta leƙa tukunyar mutane, a ce ta zauna a falo a kawo mata kwano? Ni na san idan aka raba ta da kicin, an gama da ita. Da ƙyar na shawo kan Yaya ya yarda a gyara ɗakin, a ɗaga komai sama. Ya ce in hakan bai yi ba, maganarsa tana nan.

Kafinta ya ce zai zo ya yi awo. Baba ya ce ina, gidan da akwai tela ba za a kira bare ya riƙe tef ba. Ni, autar gida, aka ba ni riƙon bakin tef. Muka auna bango, taga da ƙofa. Na zaci an gama, sai ya kira Umma ya tsayar da ita a tsakiyar ɗaki kamar mai ɗinkin biki. Ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ya sa ta miƙa hannu ya ga inda yake kaiwa, ya ba ta wuƙa da albasa ya ce ta yanka a iska. Tana ta mita, wai ya mai da ita abin kallo. Shi kuwa ya ce ta rage tsawo tun rigar ƙarshe da ya ɗinka mata. Ta harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar da kafinta ya kawo teburin girki da kabad-kabad, teburin ya ƙi shiga tsakanin bango da bango. Aka juya, aka karkata, ya ƙi. Kafinta ya zaro nasa tef ɗin ya gwada, ya sosa ƙeya, ya ce akwai ƙarin inci biyu. Muka dubi juna, muka fashe da dariya. Hannun Baba ya yi abin da ya saba, ya bar wa bango rara ko zai yi ƙiba. Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Baba kunya ta kama shi, ya ce wa kafinta ya yi haƙuri, gara dai da ya yi yawa da a ce ya gaza. Kafinta ya ɗauko zarto, kafin shayi ya huce an wuce wurin.

Tsawon teburin daga ƙasa kuwa bai kuskure ko kaɗan ba. Umma ta tsaya ta yanka albasa, bayanta a miƙe, ta ɗora tukunya ba ta ce wash ba. Yaya ya tsaya kallo daga bakin ƙofa, bai sake tada zancen mai girki ba.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. A ƙarƙashin teburin, kusa da murhu, an bar fili babu kabad. Kafinta ya ce haka Baba ya umarta. Na sami Baba a baranda na tsokane shi, na ce ko nan ma kuskuren tela ne.

Ya leƙa ya tabbatar Umma ba ta kusa, sannan ya rage murya. "Wancan na bango kuskure ne, Auta. Wannan da gangan na bari. Akwai ranar da tsayuwar ma za ta gagare ta. Ina so kujera ta shiga, ƙafafunta su sami wuri. Kada ki gaya mata."

Ban gaya mata ba. Ta ajiye kwandon albasa a wurin, tana ta ƙorafin an yi asarar fili.

Bara ƙafafunta suka fara gaza ɗaukarta. Wannan karon ba a yi taron iyali ba, ba a kira kafinta ba, ba wanda ya ambaci mai girki. Baba ya janye kwandon albasa, ya turo doguwar kujerar da yake zama a kai yana yankan yadi a shago. Ta shige kamar don wurin aka yi ta. Ina tsaye a bayansu hawaye suka zubo mini, na gode wa Allah da ya ba mu uban da ba ya yanka cif-cif.

Umma ta zauna, ta shafa gefen teburin, ta daɗe tana duban ƙafafunta a cikin filin nan. Sannan ta ɗago kai.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar awo," in ji shi. Ya miƙa mata wuƙa.