Talabijin ɗin Alhaji

Shekarar da na haifi ɗana na fari, muna zaune a Barnawa, kakata ta zo daga ƙauye ta yi mini wankan jego. Aka yi arba'in, ta ƙi tafiya. Wai jaririn ne ya riƙe ta, amma ni na san fanka ce da ruwan famfo.

Ba mu da talabijin a lokacin. A layinmu, maƙwabcinmu Alhaji ne mai talabijin mai kala. Babban ma'aikaci ne a ma'aikatar gona, mutum mai sanyin magana, kullum motarsa a wanke. 'Ya'yansa mata biyu suna sakandare, sun fi jin Turanci da Hausa. A watannin nan ana nuna wani wasan kwaikwayo na Amurka duk Lahadi bayan magariba, ƙagaggen labari kan baƙaƙen fata da aka kwashe aka mayar bayi. Rabin layin a falonsa muke taruwa, har da wata nas 'yar kudancin Kaduna da ke zuwa da gyaɗa a kwano.

Kaka ba ta jin ko “kam” na Turanci, ni ce tafinta. Amma bulala ba ta buƙatar fassara. Duk sanda aka ɗaure wani a jikin itace, sai ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. “Allah ya isa,” take cewa. “Nasara ba shi da imani.” Alhaji ya ba ta kujerarsa ta kushin, shi ya koma kan benci.

Kaka irin tsofaffin nan ce da ba sa barin mutum sai sun tono kakansa na bakwai. Ba da mugunta ba, a wurinta hakan gaisuwa ce. Wata Lahadi aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasan, aka kunna fitila muna jira. Sai ta juya wajen mai gidan.

“Alhaji, kai kuwa mutumin ina ne?”

Ya faɗi sunan garin da ke kusa da namu.

“Cikin gari ko ƙauye?”

Ya faɗi sunan ƙauyen. Na san wurin. Rinji ne, wato ƙauyen da kakanninmu suka zaunar da bayinsu suna yi musu noma. Na taɓa ƙafarta da tawa, ta janye abarta.

“Wane gida?”

Ya faɗi sunan kakansa. Fuskar Kaka ta washe kamar ta tsinci ɗan'uwan da ya ɓata.

“Ikon Allah. Ashe ɗan gida ne. Ai kakanka na babana ne. Bawan kirki, wallahi, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Shi ke goya ni zuwa gona.”

Nas ɗin ta ajiye kwanon gyaɗarta a ƙasa. Ƙaramar 'yar Alhaji ta kalli ubanta, ta tambaye shi da Turanci me tsohuwar take nufi. Daga nan na gane bai taɓa gaya musu ba. Shekara da shekaru yana gina wannan falon, da digirinsa da kujerar Makkarsa, don kada yaran su ji kalmar nan a kansu.

“Allah ya jiƙansu duka, Hajiya,” abin da ya ce ke nan. Wuta ta dawo, muka ƙarasa kallo.

A gida na yi mata faɗa, ta ce ban da kunya. “Yabonsa fa na yi. Mu namu ba irin na Nasara ba ne, tare muke cin tuwo.” Na tambaye ta ko za ta ba jikan bawan kirkin auren jikarta. Ta ce dare ya yi, in shafa wa yaro mai. Kunya ta kama ni, har da haushi, amma ban je na ba Alhaji haƙuri ba, don ban san da wane baki zan fara ba.

Lahadi ta gaba da la'asar, sai ga direbansa da talabijin ɗin a rungume. Wai Alhaji ya ce a ajiye wa Hajiya har ta tashi tafiya, kada ta riƙa wahalar da ƙafarta. Ni da maigidana muka kalli juna, mun gane saƙon sarai.

Kaka kuwa ta shafa akwatin, ta sa albarka. “Kin gani? Ɗan halak. Bai manta asalinsa ba.”

A falonmu layin ya ƙarasa kallon wasan. Ranar ƙarshe, da aka 'yanta bayin, Kaka ta yi kuka har da shessheƙa, ta ce gaskiya ta yi halinta. Alhaji da 'ya'yansa ba su zo ba ko sau ɗaya. Bayan ta tafi muka mayar masa da abinsa, ya karɓa, ya tambayi lafiyar jariri. Bai tambayi yadda labarin ya ƙare ba.