Gurbin Babana a Waƙar Tonton Ila

Ina cikin woro-woro, tasin haɗaka, da safen nan za ni aiki Treichville, ko gada ba mu hau ba, sai ga kiran Mama. Ba ta jira gaisuwata ba, ta ce Tonton Ila ya cika bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A bakin hanya na sauka. Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Tonton Ila aminin babana ne (“tonton” a nan kawu ke nan). Ba mu haɗa jini ba, amma tun da babana ya rasu ina 'yar ƙarama shi na buɗe ido na gani a ƙofar gidanmu. Dogon tsohon nan mai farar hula da ke tsare kayan matafiya a babbar tashar Adjamé, shi ne.

Shi ya raka ni ranar jarrabawar fita firamare, ya zauna a rana har na fito. Da zan tafi karatu Bouaké, sai da ya tsare direba yana yi masa kashedi har fasinjoji suka fara tsaki. Ranar ɗaurin aurena shi ya zauna a mazaunin uba. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum 'yar Hamisu.

Amma abin da layinmu ya fi saninsa da shi, Allah ya gafarta masa, shi ne rashin iya waƙa.

Wallahi kowa ya shaida. Yana ɗaure buhu yana ƙunƙuni da wata murya can ƙasa, waƙar ba kai ba gindi. Ya daɗe a wuri ɗaya, ya sauka inda ba a sauka, sai ya yi shiru yana gyaɗa kai, can kuma ya ci gaba. Masu sayar da garba, abincin rogo da soyayyen kifi, na bakin tasha suna tsokanarsa cewa ya bari kar kifinsu ya lalace. Sai ya yi dariya ya ce:

“Ku ne ba ku jin sauran.”

Tanti Awa mai sayar da aceke, dambun rogo, ta taɓa ce wa Mama, da gaske take, a kai shi wurin malam, ƙila da waɗanda ba a gani yake waƙar.

Shekarun baya wata abokiyar aikina ta rasa mahaifinta. Duk lokacin hutun rana sai ta kunna tsofaffin saƙonnin murya da ya bar mata a waya, tana ji tana murmushi. Ni kuwa kishi ya kama ni, kishi na gaske. Abin da nake da shi na babana hoton katin aiki ne guda, ya yi ja. Ban san muryarsa ba. Ko a mafarki ya zo mini, bakinsa a rufe yake.

Ranar Lahadi na wanke ƙafa na tafi tasha, na sami Tonton a kan buhunan albasa, na tambaye shi yaya muryar babana take.

Ya kalle ni. Sannan ya jawo wata tsohuwar rakoda daga ƙarƙashin benci, ya busa mata iska, ya saka kaset.

Turawa ne ke waƙa, maza, da jita da goge da wani abu mai tsirkiya da ya ce sunansa banjo, har yana rantsuwa wai jikan gurmi ne da aka tafi da shi bauta. Sunan kiɗan bluegrass, shi kuma “bulugiras” yake cewa, kuma ba mai gyara masa. Abin da ya tsayar mini da numfashi muryoyin ne. Mutum uku suna faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa da hanyarsa: ɗaya a tsakiya riƙe da waƙar, ɗaya a ƙasa, ɗaya kuma siririya can sama kamar za ta tsinke.

Ya ce suna samari su uku suna dako a port, tashar jiragen ruwa, shi da babana da wani Yakuba, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba su kaset ɗin don sun taimake shi da ya ɓata a kasuwar Treichville. Ba wanda ke jin Turancin Ingilishi a cikinsu. Amma ya ce ba sai an fassara maka ba, da ji ka san waɗannan mutanen sun baro uwa a ƙauye. Sai suka zuba nasu kalmomin na Hausa a kai: tsohuwa a bakin zaure, jirgin ƙasa mai tafiya arewa, ɗan da ya ce bana zai dawo. A hoton kwalin sun ga mawaƙan sun haɗa kai a kan makirufo ɗaya, su kuma ba su da shi, sai su ajiye butar shayi a tsakiya su sunkuya mata.

Yakuba ke riƙe tsakiya, Tonton ƙasa, babana sama.

Yakuba ya koma gida Nijar ya rasu a can. Babana ya rasu a nan. Tonton kuwa bai taɓa yarda ya ɗauki layin muryar wani ba, nasa kawai yake yi, yana barin gurbinsu a buɗe. Ashe abin da muke yi wa dariya ke nan duk shekarun nan.

Ya ce ba shi da muryar Hamisu da zai ba ni, amma ya san inda take tsayawa, in ina so zai kai ni wurin.

Jama'a, na sha faɗa. Mu Hausawa amshi muka sani. Ya fara, sai in yi shiru in jira ya gama in maimaita. Ya kashe rakoda ya ce:

“Ke 'yar Hamisu, ba gidan biki muke ba. Ba a amshi a nan, tare ake shiga.”

Da na koyi shiga tare, sai kuma in sulale in koma kan muryarsa ban sani ba. Ya ce na taka shi, in matsa gefe. Don ya nuna mini layin babana sai ya matse maƙogwaro ya yi ƙoƙarin hawa sama, tari ya sarƙe shi, 'yan dako su kwashe da dariya, ya kore su da hularsa. Sau nawa na yi fushi na ɗauki jakata? Kafin in kai titi ya aiko a ce mini shayi ya nuna.

Wata Lahadi abin ya kama. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Muryata ta zauna a kan tasa daidai, na ji ƙirjina na kaɗawa, har kamar akwai mutum na uku. Na fashe da kuka a tsakiyar albasa, shi ma ya juya baya wai hayaƙin mota ne.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Haka babana yake yi, ko dai tsoho ne ke lallashina? Ya ce shi daga ƙasa yake jin Hamisu, wadda ta ji shi sosai tana gida, in je in tambaye ta.

Mama kuwa ba ta son zancen ko kaɗan. Tun rasuwar babana ba a kunna irin kiɗan nan a gidanta. In na fara rerawa sai ta buɗe famfo ko ta tuna akwai aike. Kun san Mama, in ta ce a'a ko liman sai ya haƙura. Na haƙura.

Ganinmu na ƙarshe Lahadin da ta wuce waccan ne, a gidan 'yarsa a unguwar 220 Logements, inda yake jinya. Tare da Mama muka je dubiya. Ya rame, numfashi da ƙyar. Bayan gaisuwa ya sa aka jingina shi da filo, ya ce a kawo butar shayi a ɗora kan kujera tsakaninmu. Na kalli Mama, ta kau da kai.

Ya fara, can ƙasa. Na shiga sama. Tsakiya a buɗe kamar kullum.

Sai na ji murya daga bayana ta shiga gurbin Yakuba. Mama ce. Kanta a sunkuye cikin mayafi, kalma bayan kalma, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ita ke dafa musu abinci a lokacin, tana jin su ta taga, duk ta haddace ta ɓoye.

Muka kai ƙarshe. Mama ta goge fuska da gefen mayafi ta ce mini, da muryar faɗanta ta kullum:

“Babanki yakan ɗan jinkirta kafin ya sauko. Ke sauri kike yi.” Ta ɗago ta kalle ni. “Amma shi ne.”

Tonton ya rufe ido ya ce, “Alhamdu lillahi. 'Yar Hamisu, na sauke nauyi.”

Ban san sallama yake yi ba. Cewa na yi sai Lahadi.

Ina cikin baƙin ciki, amma wallahi godiya ta fi yawa a raina. Mutumin nan ya yarda a yi masa dariya rabin rayuwarsa don kar wurin abokansa ya toshe, har na girma na zo na same shi a buɗe. Na gode, Tonton. Na gode wa mawaƙan can da ban san ko sunansu ba, waɗanda kewar gidansu ta haɗu da ta 'yan dako uku a bakin teku.

Ɗazu na dawo gida in sauya kaya mu tafi gidan rasuwa. Ina ɗaura ɗankwali ashe ina rera layina ni kaɗai ban sani ba. Maigidana ya leƙo ya ce wace irin waƙa ce wannan ba kai ba gindi.

Na ce masa shi ne ba ya jin sauran. Sai na zauna bakin gado na yi kukan da ban yi ba a mota.

Ya Allah ka jiƙan Tonton Ila, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabari, ka saka masa da alheri kan riƙon maraya da ya yi. Ka haɗa shi da Hamisu da Yakuba a Aljanna, ka ba iyalansa da Mama haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ka tsaya a “yako”, sannun ta'aziyyarmu ta nan, kawai. Ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci su ukun a addu'arka.