Ranar da Takin Kwatarkwashi Ya Jira Yayan Alhaji

Ko na manta da komai na shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin taki da iri a Sabon Garin Gusau, ba zan taɓa mantawa da ranar da tirela cike da taki ta ƙame a bakin sito tana jiran izinin wani dattijo da ke gona a 'Yandoto, shi kuwa bai ma san ana jiransa ba.

Ni na ba Alhaji, mai kamfanin, shawarar mu sayi manhajar nan da 'yan boko ke kira ERP, kuma har gobe ina kan bakana cewa shawara ce mai kyau. Muna da babban sito a Gusau, da reshe a Tsafe, da wani a Bunguɗu, kowanne yana cin gashin kansa. Sai Tsafe ta yi ta kukan taki ya ƙare alhali Bunguɗu ta rasa inda za ta jibge nata. Manhajar ta haɗa sito da ciniki da motoci da sayen kaya wuri ɗaya: buhu ya fita a Tsafe, nan take mu gani a Gusau. Ma'aikata suka sa mata suna Uwar Ɗaki, don ba a motsi sai da saninta. Alhaji kuwa daɗi ya ɗebe shi, ya tara mu ya rantse da Allah cewa daga ranar ko buhu ɗaya ba zai fita ba sai da takardarta.

Inda aka samu matsala shi ne ranar da injiniyan ya zo saita ta. An yi rashin sa'a yayan Alhaji ya shigo gari daga 'Yandoto ganin likitan ido, yana zaune a ofis yana shan fura. Injiniya ya ce manhajar tana so a gaya mata wanda yake sama da kowa, wanda babban lodi ba zai fita ba sai ya amince. Kowa ya san amsar. Amma Alhaji ya dubi yayansa, ya dubi injiniya, ya sunkuyar da kai.

"Ai ga babbanmu nan zamne," in ji shi. "Ni mi nike gaban Yaya?"

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan magana kara ce, irin wadda ake yi wa baƙo a ce gidan ma naka ne. Injiniya baƙo ne, kuma yana sauri ya kama mota. Ya karɓi lambar 'yar ƙaramar wayar dattijon, ya shigar, ya rufe kwamfutarsa. Mu duka muka yi murmushi muka ce Alhaji akwai ladabi.

Abu ya lafa har damina ta kankama, don ƙananan lodi ba sa bukatar babba. Sai ga ƙungiyar manoman Kwatarkwashi da odar tirela guda, masararsu ta isa sa taki, ga hadari yana haɗuwa. Aka loda, na danna a fitar da takarda, Uwar Ɗaki ta ce tana jiran amincewar shugaba, ta aika masa da lambar sirri ta waya. Alhaji ya zo da kansa ya danna, ta nuna masa cewa shi ba kowa ba ne. Ban taɓa ganin an yi wa mai kuɗi rashin kunya cikin natsuwa irin haka ba. Muka kira injiniya, ya ce ba mai iya sauke shugaba sai shugaban da kansa. Ga rantsuwa ta ɗaure Alhaji, ga direba yana cewa shi fa la'asar ba za ta same shi a hanya ba, ga shugaban manoma yana barazanar komawa wani shago.

Alhaji ya juyo kaina. "Kai ka kawo muna wagga masiha. In motag ga ba ta tashi yau ba, kai da ita ku nemi wani uban gida."

Ina da mata da ƙananan yara, gabana ya faɗi ƙwarai. Na kira dattijon na ce, Baba, akwai wata lamba da ta shigo wayarka, don Allah karanto mini. Ya ce shi ba yaro ba ne, an sha faɗa a rediyo kada a karanta wa kowa lamba ta waya, kuma 'yan damfara sun iya kwaikwayon murya. Ya kashe. Abin haushin, gaskiya gare shi.

Na saɓa kwamfuta a baya, na hau babur, na kama hanyar Tsafe. Na wuce duwatsun Kwatarkwashi ina kawar da kai kamar manoman za su gane ni. A 'Yandoto aka nuna mini gonarsa, na same shi ƙarƙashin wata ɗorawa yana gyara ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa, gaisuwar da ya ja har da ta mutanen da ban sani ba, na buɗe kwamfuta na yi masa bayani.

Ya ajiye fartanyar, ya ce, "Kana nuhin motag ga tana nan tsaye?"

Na ce tana nan, Baba.

"Shi ma ƙanen nau bai iya tashe ta?"

Na ce ko kaɗan.

Sai ya gyara zama, ya ce tunda abin haka ne ba zai sa hannu a kan abin da bai sani ba. Wane irin taki ne? Su wa za a kai wa? Direban ɗan gidan wa ne? An rufe kayan da tamfol ko za a bar ruwa ya narkar da su? Na kira Gusau, aka ce ba a rufe ba. Ya ce a rufe, yana jira. Ni ina kallon rana, shi kuwa ya samu sarauta a tsakiyar gona yana ɗanɗana ta a hankali. Da ya gamsu ya miƙo mini wayar. Muka hau wata 'yar jigawa neman sabis ɗin intanet, na shigar da lambar, aka kira ni aka ce takarda ta fito, mota ta tashi. Numfashina ya dawo.

Na ga dama ta samu, na ce, Baba, ko za ka amince a mayar da sunan Alhaji, don kada a riƙa wahalar da kai?

Ya dube ni. "Tun da Allah ya buɗa mai, ko'ina munka zamna sai ya ce ni ab babba. Amma ba a taɓa jirana ga komi ba sai yau. In shina son abinai, shi taho da kainai shi hwaɗa mini."

Dariyar da nake ɓoyewa tun zuwana ta gushe. Tausayinsa ya kama ni.

Na kai wa Alhaji saƙon yadda aka ba ni. Washegari ya sa babbar riga ya tafi 'Yandoto da niyyar karɓo kamfaninsa. Ya wuni can, suka ci tuwo, suka yi hirar iyayensu, ya dawo bai iya buɗe baki ya faɗa ba. Mako na zagayowa ya aike ni da babbar waya sabuwa, ya ce in koya wa Yaya inda ake dannawa. Har na bar kamfanin, babu tirelar da ta fita sai an jira dattijon nan ya gama tambayoyinsa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, na'ura ba ta san kara ba, abin da ka faɗa shi take riƙewa. Kuma tun daga lokacin, ba na ce wa mutum shi ne babba sai na tabbata zan iya tsayawa in jira shi.