Taku Goma Daga Eriya

Jiya a Kabo na ga allon gargaɗi jikin ƙarfen sabis, tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Kawuna nake ta tunawa, mai kula da oba-oba, rediyon aika saƙo, a Gwarzo zamanin gyaɗa. Ba wanda ya kafa wa masu aikin doka, shi ya kafa tasa: taku goma daga eriya.

Wata rana na kai masa fura, injin na ta ƙugi, wurin na warin ƙonanniyar roba. Na miƙa hannu zan rataye mayafina a wayar eriyar.

"Ke! Ja baya!"

Ya buɗe mini tafin hannunsa, tabo fari fat. "Wutar nan ba ta da hayaƙi, 'yar nan."

Na tafi ina fushi, ban taɓa gode masa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.