Hannun da Ya Kai Kunne

Da aka buɗe makarantar boko a Gusau, an ce ta 'ya'yan sarauta ce. Masu sarauta suka yi godiya ƙwarai, suka ɓoye nasu, suka aika a duba gidajen talakawa. Dogari ya iso ƙauyenmu, kusa da Furfuri, ana cikin sussukar dawa.

Ba wanda ya san shekarunsa, don haka awon ɗaya ne: yaro ya ɗora hannun dama bisa kai, in ya taɓa kunnen hagu ya isa karatu. Mu biyu ne wurin Inna, ni da wana. Tun da labari ya zo take koya mana yadda ake ƙage kafaɗa hannu ya gaza.

"Kak ku taɓa shi," ta ce, "ko da kunnen ya biyo ku."

Wana ya yi yadda aka koya masa. Dogari ya ce, "Kai kam sai ka yi gemu hannunka bai kai ba." Aka yi dariya, aka sake shi. Ni kuwa hannuna na bisa kai ƙaiƙayin dawa ya taso mini a kunne, yatsa ya tafi da kansa.

Ajinmu duk 'ya'yan sarauta ne: ɗan maƙeri daga Tsafe, ɗan Fulani da Hausa ba ta zauna masa ba tukuna, wasu biyu daga Nahuce masu faso a ƙafa irin nawa. Baturen makaranta ya duba mu, ya ce ta bakin tafinta ya ji daɗi da jinin sarautar ƙasar nan ba shi da girman kai.

A gida mata sun zo wa Inna jaje, ta kyautar da tabarmata. Wana kuma ta tsare shi, ko kasuwar Bungudu ba ya zuwa, kada dogari ya sake aunawa.

Da bazara sanƙarau ya shiga ƙauyuka. Aka rufe mana ƙofar makaranta, ba shiga ba fita, kuma babu wanda ya kwanta cikinmu. Da aka sake mu hutu na je gida, na tarar an binne wana.

Inna ba ta yi kuka gabana ba. Ta kama hannuna na dama, ta ɗora shi bisa kaina har ya kai kunnen, ta riƙe shi a nan ta daɗe.

"In hutu ya ƙare," ta ce, "ka koma wurinsu."