Malam Habila da Motar da Ba Ta Shan Mai

Shekara talatin Malam Habila ya yi yana malamin gona a Malumfashi, kuma aikin ya ɓata shi. Ba ya yarda da komai sai ya gwada. In ka ce masa wannan irin masarar ya fi, sai ya tambaye ka a gona nawa ka shuka. Matarsa Murna ta taɓa yabon wata daddawa, ya sa ta yi miya tukunya biyu. Ni maƙwabcinsa ne, na sha wahalarsa.

Da ya yi ritaya, ya sayi mota 'yar Kwatano wajen Alhaji Shitu, dillalin motoci a Funtua, amininsa tun suna samari. Shitu ya dafa motar ya ce, "Malam, ba ta shan mai. Lita ɗaya, kilomita sha huɗu."

Kowa zai ce madalla ya wuce. Ban da Habila. Ya ce tafiya ɗaya ba gwaji ba ce, sa'a na iya shiga. Sau goma ya je Funtua ya dawo, kullum yana sake cika tanki yana rubutawa. Ya haɗa ya raba, ya samu kilomita goma a lita. Ya tafi majalisar Shitu da takardarsa, a gaban mutane ya kira shi maƙaryaci. Daga ranar dai Shitu ya daina ɗaga wayarsa.

Murna ce ta gaji da ganinsa zugum, ta ce, "Baban Job, wai ka taɓa yin tafiyar nan kai kaɗai?"

Bai taɓa ba. Lokacin kaka ne, kuma Habila bai iya wuce mutum a bakin hanya ba. Kowace tafiya mutum shida ne da buhunan masara, wata rana har da akuya. Mutumin da ya tsufa yana hana manoma haɗa gwajin iri da na taki, shi ne ya auna mota da rabin kasuwa a cikinta.

Ya sake sau goma, ba kowa. Ana ɗaga masa hannu yana kallon gabansa, har matar fasto ya bari a tsaye da kayanta. Wata rana sha uku da rabi, wata rana sha huɗu da ɗoriya. Kunya ta kama shi, ni kuwa na ji daɗi.

Ya koma majalisar nan ya ce, "Alhaji, na yi kuskure. Ga takardar."

Shitu ko kallonta bai yi ba. Ya matsa masa a kan benci, ya ce, "Zauna, Malam. Mota ka gwada sau goma ka yarda da ita. Ni shekara arba'in kana gwada ni, ba su ishe ka ba?"